Tashar da Akwatina Bai Taɓa Kamowa Ba

Rannan da hantsi wasu samari biyu suka fake wa rana a rumfar shagona da ke Kazaure, suna jiran motar Roni. Ina zaune ina ɗaure 'yar kwamfuta a cikin wata tsohuwar rediyo mai jikin katako. Ɗayansu ya leƙo ya ce, "Baba Ila, wannan ai ba wani aiki ba ne. Kati za ka zura, ka jona waya, shi ke nan. Na ga ana yi a bidiyo." Na ce masa sannu da ƙoƙari. Abokin nasa ya ƙara da cewa shi da yana da kayan, da kafin azahar ya gama ya tafi kallon ƙwallo. Motarsu ta zo suka tafi, maganar kuma ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin su da ire-irensu.

Ga wanda bai san abin ba, 'yar kwamfuta ce da faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Ba ta da gilashi, ba ta da madannai. Akan jona ta da lasifika ko tsohon amfilifaya, a haɗa ta da wayifai na gidan, wato intanet marar igiya. Daga nan mutum yana zaune a ɗakinsa zai zaɓi karatu ko waƙa a wayarsa, ya tura, sautin ya fito a ɗakin da aka ajiye ta. Mu nan akwati kawai muke ce mata. Samarin nan kuwa ba su yi ƙarya ba, akwai katin memori da ake zura mata, akwai waya. Sai dai wanda ya yi bidiyon nasu ba a ƙarƙashin rufin kwanon Achilafiya ya yi shi ba, ba kuma a gidan da ake da surukai ba.

Aikin farko da aka bar ni na taɓa a shagon maigidana Malam Sabo wata rediyo ce ta wani mai awo, wadda ke magana ta yi shiru, ta sake magana. Kafin ranar na daɗe ina shara, ina hura gawayi don ɗora ƙarfen dalma, domin a lokacin wutar lantarki baƙuwa ce, ƙarfen ma a kan garwashi muke gasa shi. Na ɗauko sukudireba zan kwance bayan rediyon, sai Malam Sabo ya buge mini hannu da kan filaya. Ya juya wajen mai rediyon ya ce, "A ina take kwana?" Mutumin ya ce a kan buhunan gero. "Wa ke kunna ta in ba ka nan?" Ya ce uwarsa ce, ita kuma ba ta gani sosai, sai ta riƙa murɗa duk abin da hannunta ya taɓa. Malam Sabo ya ce da ni, "Yanzu buɗe." Na buɗe, na tarar da ƙaiƙayi ya cika mazaunin batir, maɓallin tasha kuma ya saki saboda murɗawa. Muka share, muka ɗaure, sannan ya ɗiga dalma a kan maɓallin ƙara sauti ta yi ɗan tudu, don tsohuwar ta gane shi da yatsa.

Malam Sabo mutum ne mai saurin fushi, ba ya kuma maimaita magana. Amma wannan tambayar tasa ta inda rediyo take kwana, ita ce jarin da na fita da shi daga shagonsa, tare da mita ɗaya mai allura da har yau take cikin aljihun teburina. Sauran kayan aikina ba su da yawa. Ƙarfen dalma ne na lantarki, da filaya, da sukudireba manya da ƙanana, da tsohon buroshin haƙori, da tabarau da shekaru suka tilasta mini. Daga baya aka ƙara da wata tsohuwar kwamfutar cinya mai fasasshen murfi, wadda nake rubuta kati da ita.

Sana'ar nan ta sha mutuwa a hannuna tana tashi. Rediyo ta ja baya, kaset ya zo. Na ƙware a zaren kaset da bel ɗinsa, sai faifai ya kore shi. Faifai bai gama zama ba memori ya shigo, sannan waya ta zo ta haɗiye su gaba ɗaya. Akwai lokacin da ba abin da ake kawo mini sai tocila da fanka. Gidaje kuwa cike suke da manyan lasifikoki masu kyau, waɗanda alhazai suka sayo da can, an lulluɓe su an ɗora musu kwanuka. 'Yar ƙanwata Rabi, wadda ta karanci kwamfuta a Kano, ita ta fara kawo mini akwatin nan a jakarta. Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ta koya mini yadda ake zuba wa kati manhaja, da yadda ake faɗa wa akwatin sunan wayifai da lambar sirrinsa. Na yi ta ɓata kati tana dariya tana cewa, "Kawu, a hankali dai." Ranar da muka jona shi da wani tsohon amfilifaya, ta taɓa wayarta daga bakin titi karatu ya cika shagon, na san na samu abin da zan tsufa da shi.

Wani gida a Roni ne ya koya mini cewa rabin aikin nan caja ce. Maigidan ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, na haɗa masa komai a shago yana ta fita tas. Da aka kai gida sai ga wani gurnani a ƙarƙashin sautin, kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Ya aiko ɗan acaba ya ɗauko ni. Na canja wayar sauti, na canja lasifika, gurnani na nan. Can na duba bango, na ga ba cajar da na bayar ba ce a jone. Matarsa ta ga tawa ta fi cika waya da sauri, ta musanya da wata marar nauyi da aka saya a tasha. Akwatin nan ba ya son wutar da ke rawa. In caja ba ta da kyau, ko ya yi gurnani, ko ya riƙa suma yana farfaɗowa a tsakiyar waƙa. Tun daga ranar nake ɗaure caja da jikin akwatin da waya mai ƙarfi, yadda sai da filaya za a raba su. Ramin sautin da ke jikinsa ma ban yarda da shi ba, nakan ƙara masa wani ɗan abin sauti mai kamar yatsa, shi ke fitar da murya wasai.

A Babura kuma kati ne ya yi ta mutuwa a gidan wani ɗan kasuwa mai harka da mutanen Nijar. Duk sanda aka ɗauke wuta akwatin na tsakiyar rubutu a kan katinsa, in an dawo da ita sai ya ƙi tashi. Mutumin ya ce na sayar masa da kayan gwanjo. Ban yi musu da shi ba, na koma wajen Rabi ta nuna mini yadda ake kulle kati, akwatin ya riƙa karantawa kawai ba ya rubutu. Na kuma jona shi da batirin solan gidan maimakon wutar gari. Bai sake mutuwa ba, mutumin kuma bai taɓa cewa ya yi mini rashin adalci ba, sai dai ya turo mini ƙaninsa.

Akwai wata Hajiya a Achilafiya da ta ga akwatin tsirara a kan kabad ya ɓata mata ado, ta saƙa masa riga da zaren ulu, har da 'yan tuntaye. A tsakiyar bazara ne, ɗakin kuma rufin kwano. Da na cire rigar sai da na saki akwatin don zafi. Na yi mata bayani cewa shi ma numfashi yake yi. Ta ce to ita ba za ta zauna da abu ba sutura ba. Daga nan na fara ɓoye shi a cikin tsofaffin rediyoyi, in huda ramuka a baya don iska. Mata suka samu ado, tsofaffi suka samu maɓallin da suka saba murɗawa, ni kuma na huta. Sai batun katanga. Ginin ƙasa mai kauri ba ya barin wayifai ya wuce, don haka kafin in kafa komai nakan zagaya gida da waya a hannu, bayan an yi mini iso, ina duba inda layi ke ƙarfi da inda yake mutuwa. Wannan ma ba ya cikin bidiyo.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa sosai na wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa. Na sauya sunayen mutanen, dattijon kuma Allah Ya yi masa rasuwa, shi ya sa bakina ya buɗe. Zan kira shi Alhaji Maude. Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya, yana noma yana kiwo, mutum mai ƙarancin magana wanda ake kawo wa sulhu daga rugage. Idonsa ya fara rauni. Ɗansa Sa'idu, ma'aikacin dabbobi ne a nan Kazaure, sai ƙarshen mako yake komawa gida. Shi ya zo ya ce in sa wa mahaifinsa, wanda yake kira Baffa, akwati a zaure don ya riƙa jin karatu da tafsiri.

Na yi tambayar Malam Sabo. Wa zai riƙa turo karatun, tunda Alhaji ba ya riƙe babbar waya? Sa'idu ya ce maiɗakinsa ce, ita kaɗai ke da irin wayar a gidan. Karatun kuwa 'yan uwanta ne ke aiko mata ta saƙon waya. Saboda haka ba yadda za a yi sai irin haɗin da akwati ke ɗaukar duk sautin da waya ta fitar, ba na manhajar waƙa kaɗai ba. Na faɗa masa haka, na ce in an gama a riƙa cire haɗin. Ya ce ba matsala. Na ɓoye akwatin a cikin tsohuwar rediyon Alhaji, na sa masa suna Zaure, na jona da sola, na gwada daga tsakar gida ta hannun ƙanwar Sa'idu, komai ya tafi daidai.

Tsarin ya burge ni ƙwarai. Matar Sa'idu ta yi shekaru a gidan, har ta aurar da 'ya, amma ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. In ta gaishe shi daga bayan zana take durƙusawa, muryarta can ƙasa. Yanzu ga shi tana daga ɗakinta tana zaɓar masa karatun safe da na rana, ba ta shiga zaure ba, ba ta ce uffan ba. Alhaji ya ji daɗin abin, har dattawan ƙauyen suka mai da zaurensa wurin zama bayan la'asar.

Wata safiya sai ga Sa'idu a bakin shago a kan babur, fuskarsa ba annuri. Ya ce Baffa na kirana, in ɗauko kayan aiki. Sai da muka bar kwalta muka shiga burji sannan ya rage gudu ya fara magana, bai juyo ba.

Suna da ɗan fari, Haruna. Kamar yadda aka saba, tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakanninsa, a zauren Alhaji ya girma. Uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta san da shi ba. Shi kansa Sa'idu da yake ba ni labarin "yaron nan" yake cewa. Haruna ya shiga aikin soja, aka tura shi nesa, inda waya ba ta cika shiga ba, an kuma kwana biyu ba a ji daga gare shi ba. Jiya bayan azahar uwar ta tura wa zaure tafsiri, ya ƙare, ta manta ba ta cire haɗin ba. Bayan la'asar tana ɗaki ita kaɗai, ta ɗauki waya ta naɗi muryarta kamar tana yi wa ɗanta magana. Ba ta yi niyyar aikawa ba. Ta kira sunansa, ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta ce tana kewarsa, ta yi kuka. Sannan ta danna don ta ji yadda muryar ta fita. Wayar ta yi shiru a hannunta, ta ƙara sauti, ta sake dannawa. A zaure kuwa dattawa na zaune, kuma lasifikar Alhaji ba ƙarama ba ce.

"Tun jiya ba ta fito ba," in ji Sa'idu. "Ba ta ci komai ba. Ta ɗaure kayanta, ta ce a kai ta gidansu a Kanya Babba, ba za ta iya sake taka tsakar gidan nan ba. Malam Ila, na san halinta. In ta tafi ba za ta dawo ba."

Wanda bai tashi cikin wannan al'ada ba zai ce mene ne abin tashin hankali don uwa ta kira sunan ɗanta. Mu da muka tashi a ciki mun san da a ce zaninta ne ya faɗi a kasuwa, da ya fi mata sauƙi. Na yi zaton Alhaji zai ce in cire kayana in bar masa gida, na kuma shirya wa hakan.

Muka tarar da zauren a cike. Da gani ka san tara su aka yi, duk waɗanda suka zauna jiya suna nan, har da wani malamin firamare na ƙauyen, matashi mai son bayani. Na durƙusa na gaida Alhaji, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da hanya. Rediyon na gabansa a kan buzu. Ya ɗora hannu a kanta ya ɗaga murya fiye da yadda na san shi da ita, yadda za a ji daga bayan zana.

"Malam Ila, kai tsohon mai rediyo ne. Da can in muna jin Kano, sai tashar Nijar ta hau kai, mu ji wasu mutane suna maganarsu. Haka ne?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Musamman nan kusa da iyaka."

"To jiya muna zaune, sai ga muryar wata mata ta shigo, tana kiran wani ɗanta. Ba mu san ta ba. Na ce wa mutanen nan tashar Nijar ce akwatinka ya kamo. Shi ne na ce a kira ka, mu ji daga bakin mai aikin. Yana yin haka?"

Akwatin nan ba ya kama tasha. Ba shi da abin kama ta, rediyon da ke lulluɓe da shi kuma ni da hannuna na yanke mata eriya na cire cikinta. Ba a taɓa yi ba, ba kuma za a yi ba. Na dubi Alhaji, idanunsa masu hazo suna kaina, bai ƙifta ba. Na gane abin da yake roƙo, na kuma gane abin da zai ci mini, domin a wannan sana'a ba ka da komai sai a ce aikinka ba ya ba da kunya.

Na ce, "Yana yi, ranka ya daɗe. In ba a toshe shi da kyau ba yana yi."

Malamin firamaren ya gyara zama ya ce, "Amma Baba Ila, ni a sanina wannan ta intanet yake aiki, ba ta iska ba. Kuma sunan da matar ta kira..."

Alhaji ya juya wajensa. Wani dattijo da ke gefe ya ce, "Haruna ai ko'ina akwai shi, malam. A Nijar ma sun fi mu yawan Haruna." Ni kuma na ce, "Malam, ni na haɗa shi. Akwai wata waya ta tsohuwar eriya da na bari ban yanke ba, sakaci ne nawa." Malamin ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce lallai ilimi da faɗi yake.

Na kwance bayan rediyon a gabansu, na jona ƙarfen dalma a batirin sola, na jira ya yi zafi. Na samu wani guntun waya da ba ya zuwa ko'ina, na ciro shi da filaya na ɗaga kowa ya gani, na ɗiga dalma a inda ba a bukatarta har hayaƙi ya tashi. Aikin gaskiyar kuwa a cikin kati na yi shi, ba wanda ya lura. Na saita akwatin yadda in sauti ya tsaya na ɗan lokaci zai saki wayar da kansa, sai an sake nemansa da gangan. Na rufe na ce an gama, ba zai ƙara ba. Alhaji ya ce, "Madalla. A gaya wa mutanen cikin gida su kwantar da hankalinsu, kayan bature ne ya yi halinsa."

Ba wanda ya yarda da maganar a zauren nan, ba kuma wanda ya ƙaryata ta. Ita ma matar na tabbata ba ta yarda ba. Amma an ba ta inda za ta taka ta fito. Ina haɗa kayana ƙanwar Sa'idu ta fito da ƙwarya a rufe da faifai, ta ajiye a gabana ta ce daga cikin gida. Fura ce da nono, an dama ta da kauri, ga man shanu yana yawo a kai. Sa'idu ya ga ƙwaryar, ya gane hannun da ya dama, ya fita waje ya daɗe yana duba tayar babur ɗinsa. Na sha na yi istigfari a kan ƙaryar da na yi, amma ban yi nadama ba, har yau kuma ban yi ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Magana ta bar zauren Alhaji ta shiga kasuwa, tana tafiya tana ƙara ƙiba. A Gwiwa an ce akwatin Ila na kamo muryoyin Nijar. Kafin ta kai Roni ta zama akwatin na kwashe hirar cikin gida ya kai Nijar. A Babura har an ce wani ya ji muryar matarsa a Magarya ta Nijar. Mutumin Roni mai caja ya aiko da nasa a cikin buhu. Hajiyar Achilafiya ta ce a zo a cire, ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba. Wasu samari da suka buɗe shago kusa da tasha suka riƙa gaya wa mutane cewa tsoho ne, bai san kan abin ba, ai shi da bakinsa ya amsa. Wannan ce ta fi yi mini ciwo, domin gaskiya suka faɗa, ni na amsa. Rabi ta zo ta same ni ina gyaran tocila, ta ce, "Kawu, ka san abin nan ba zai yiwu ba. Me ya sa ka ce ya yiwu?" Na ce mata tsufa ne. Ta dube ni ta daɗe, ba ta sake tambaya ba. Na koma kan fanka da tocila da dutsen guga, damina ta zo ta wuce, shago shiru.

Bayan an gama girbi, wata ranar kasuwa, sai ga Sa'idu ya tsaya da babur, Alhaji Maude a baya rungume da rediyonsa. Mutumin da ba ya shigowa gari sai da dalili mai ƙarfi. Na tashi da sauri na shimfiɗa masa tabarma a cikin shago, ya ce a'a, a waje zai zauna. Na tambaya ko wani abu ya lalace. Ya ce ba abin da ya lalace, ya zo ne kawai ya sha iska. Ya sa aka jona rediyon, Sa'idu ya tura karatu daga wayarsa, ya bar ta a shagon ya tafi wurin aiki. Alhaji ya zauna a bakin shagona tun hantsi har aka yi la'asar, rediyo na gabansa tana karatu. Duk Bafulatanin da ya shigo kasuwa da dabba sai ya ratse ya durƙusa ya gaishe shi, haka ma fatake da masu awo da suka san shi. Kowa ya tambayi abin da ya kawo shi, sai ya ce, "Wajen mai gyarana na zo." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Ba a rufa wata ba mutumin Roni ya aiko a mayar masa da nasa, sauran ma suka biyo baya a hankali, ko da yake akwai gidajen da har yau ba su sake kirana ba.

To ku samari masu kallon bidiyo, kati da waya kam za ku iya, wataƙila ma ku fi ni sauri. Ku sayi caja mai nauyi, ku kulle kati, ku bar wa akwati iska, ku sa ya riƙa sakin waya in an gama. Amma kafin duk wannan ku tambayi inda zai kwana, da wanda zai tura, da wanda zai ji. Lasifika ba ta san suruki ba, ku ne za ku san mata shi.

Da yammar ranar, da Sa'idu ya dawo ɗaukarsa, na naɗe wayoyi na miƙa wa Alhaji rediyonsa. Sa'idu ya tafi juyo da babur, muka rage mu biyu. A lokacin an riga an ji daga Haruna sau ɗaya, aka sake jin shiru. Alhaji ya shafa jikin katakon rediyon, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Ila, tashar nan ta Nijar. Tun da ka gyara ba ta sake shigowa ba."

Na ce, "Na toshe ta sosai, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ni na goyi yaro a zaure, na ɗauka ni kaɗai nake kwana da shi a rai. Matar nan, ko wace ce ita, Allah Ya dawo mata da ɗanta lafiya."

Na ce amin. Na riƙe masa rediyon har ya hau babur, sannan na ɗora masa ita a cinya.